Wa Zai Auna Mana Kogin?

Makonni uku da suka wuce wata ɗalibata da ke karatun digiri na biyu ta shigo ofishina riƙe da takarda mai shafi biyu. Bayan mun gaisa ta yi jim, sannan ta ce, "Malam, ina so in canza batun binciken nan." Abin da muka tsayar tun farkon zango shi ne ta auna yawan ruwa da yashi da lakar da wani ƙaramin kogi da ya ratsa garinsu yake kwasowa a damina guda, domin a gane dalilin da ya sa ƙarƙashin gadar da ke kansa yake cikewa duk bayan 'yan shekaru, ruwa ya juya ya shiga gidajen mutane. Sabon batun da ta rubuto kuwa shi ne ra'ayin mazauna unguwannin bakin kogin game da ambaliya. Za ta buga takardun tambayoyi, ta raba, ta tattara, ta zuba a kwamfuta, cikin wata guda aiki ya kammala.

Na tambaye ta dalili, ta kuma faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba. Batun farko yana bukatar ta jira damina, ta yi ta zirga-zirga zuwa bakin kogi har wata huɗu, ta nemo inda za a busar mata da laka a auna nauyinta, ga lissafi, ga kuɗin mota. Abokan karatunta da suka zaɓi takardar tambayoyi za su riga ta fita da shekara guda. Ban ga laifinta ba. Da ni ne a matsayinta, da kuɗin makaranta na fitowa daga aljihun mahaifin da ya yi ritaya, mai yiwuwa irin lissafin da zan yi ke nan.

Sai dai bayan ta fita na je ɗakin da muke ajiye kundayen binciken ɗalibai na ɗan duddubo na shekarun baya-bayan nan. Mafi yawansu sun fara ne da "ra'ayin jama'a game da" ko "fahimtar manoma game da". Ra'ayin jama'a game da zaizayar ƙasa, fahimtar manoma game da sauyin yanayi, tunanin mazauna gari game da ambaliya. Mun tara ra'ayoyi har sun cika kanta. Amma idan injiniya ya zo yau ya ce zai sake gina gadar nan, ya tambaye mu lita nawa na ruwa ke wucewa ƙarƙashinta a daƙiƙa guda ranar da kogin ya fi cika, babu kundi ɗaya a ɗakin da zai ba shi amsa.

Ga mai karatun da ya rabu da darasin labarin ƙasa tun a sakandare, bari in ɗan yi bayani. A jami'a wannan fanni reshe biyu ne manya. Akwai wanda ya shafi mutane: yawan jama'a, ƙaura, birane, kasuwanni, sufuri. Akwai kuma wanda ya shafi ita kanta ƙasar da abin da ke samanta da ƙarƙashinta, wanda shi ne nawa. A shekara biyun farko ɗalibi yakan ɗan taɓa komai. Daga aji uku zuwa sama, musamman a digiri na biyu da na uku, sai hanya ta rarrabu. Wani ya bi ilimin siffar doron ƙasa, wato yadda ruwa da iska suke sassaƙa duwatsu, su haƙa kwari, su tara jigawa. Wani ya bi ilimin ruwa, na koguna da na ƙarƙashin ƙasa. Wani ya bi ilimin yanayi, wani ilimin turɓaya, wani kuma nazarin yadda tsirrai da dabbobi suka rarrabu a doron ƙasa. Akwai masu bin diddigin yanayin da ya shuɗe shekaru dubbai ta hanyar lakar da ta kwanta a gindin tafkuna. Dukkansu a yau suna aiki da hotunan tauraron ɗan'adam. Ba ni da wata jayayya da 'yan'uwana na ɗaya reshen. Kogi ba ya zama bala'i sai da mutane a bakinsa, su kuwa su ne suka san mutanen. Damuwata ita ce reshenmu yana ƙanƙancewa a daidai lokacin da ƙasar ta fi bukatarsa.

Ɗauki Maiduguri. A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, ya shiga kasuwa da asibiti da fadar Shehu. Shekara talatin kafin nan, a 1994, an yi makamanciyarta. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan wanda ya yi sakaci, kuma ya kamata a yi. Amma ɗalibin siffar doron ƙasa yana da wata tambayar daban: me ya sa ruwan ya bi inda ya bi? Amsar ta girmi madatsar da shekaru dubbai. Kimanin shekara 6,000 zuwa 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi wani ƙaramin teku ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000, wato fiye da kashi ɗaya bisa uku na faɗin Najeriya ta yau. Igiyar ruwansa ta tara wani dogon tudun yashi a gaɓarsa ta kudu maso yamma, wanda yake nan har gobe, ya bi ta Bama ya ratsa Maiduguri ya miƙa arewa maso yamma. Masana suna kiransa Tudun Bama. Kogin Ngadda, wanda ruwansa ke fitowa ta fadamun Sambisa, dole ne ya keta wannan tudu kafin ya zube a kwarin Jere. Birnin ya zauna ne a daidai wannan maƙogwaro. Wanda ya san haka, ya kuma riƙe taswirar tudu da kwarin garin, zai iya nuna maka da yatsa unguwannin da ruwa zai fara shiga da waɗanda za su tsira, tun madatsar tana tsaye. Irin wannan taswira aikin ɗalibin digiri na biyu ne guda ɗaya mai ƙwazo, idan ya samu kayan aiki da mai duba shi.

Wannan tsohon tafki bai gama da mu ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita takwas a binne. Gwaji ya nuna ya kai kusan shekara 8,000, yana cikin mafi daɗewa da aka taɓa samu a duniya. A wurin da yau ake wahalar ruwan sha, kakannin wasu sun yi tuƙi. Can arewa kuma, cikin ƙasar Chadi, wuri mafi zurfi na tsohon tafkin shi ne kwarin Bodele, wanda ya bushe ya bar farin gari na ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa. Iskar da ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ita ke kwasar wannan gari, kuma babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi fitar da ƙura. Kaso mai yawa na hazon da ke hana jirgi sauka a Kano a watan Janairu daga can yake, wani kason ma yakan ƙetare Tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon. Wannan hazo da muke tsinewa saboda tari da mura yana kuma sauke wa gonakinmu ɗan taki duk shekara. Na kan ce wa ɗalibaina, ƙurar da suke gogewa a kan teburinsu da rani gindin tafki ce.

Inda na fi so in tsaya shi ne batun hamada, domin a nan ne rashin awo ya fi yi mana illa. Kusan duk jawabin da aka yi ranar dashen itatuwa sai ka ji an ce hamada tana kwararowa kudu da fiye da rabin kilomita a kowace shekara. Na ji wannan adadi tun ina ɗalibi, ina jin sa har yau, bai ƙaru ba bai ragu ba, ko an yi fari ko an yi ambaliya. Adadin da ba ya motsi tsawon shekaru talatin a kan abin da aka ce yana motsi, ya kamata ya sa mai ilimi ya ɗaga gira. Tunanin kansa tsoho ne. A 1935 wani farfesan gandun daji daga Edinbura, E. P. Stebbing, bayan ya zagaya yankin nan, ya rubuta cewa Sahara tana cinye arewacin Najeriya, har ya ba da shawarar a dasa wata doguwar katangar itatuwa. Turawan Ingila da na Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga hamadar da ke tafiya ba. Abin da ya gani lalacewar ƙasa ce a wurare daban-daban, kowanne da sanadinsa.

Bayan shekara ashirin, a 1958, A. T. Grove na Jami'ar Kambirij ya nuna wani abin da ya fi wannan ban sha'awa. Yawancin ƙasar da ke tsakanin gabashin Kano da Borno tana zaune ne a kan tsofaffin jigayin hamada da suka taru a wani zamanin fari da ya wuce fiye da shekara 10,000, daga baya ruwa ya dawo, ciyawa da itatuwa suka ɗaure su. Jere suke a layi, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kamar kunyoyin wata ƙatuwar gona, koguna na bin tsakaninsu. Sunan Jihar Jigawa ma daga nan ya samo asali. Ma'anar wannan ita ce, yashin da ke rufe gidaje da kwaruruka a wajajen Yusufari ba lallai baƙo ne daga Agadas ba. Galibi ɗan gida ne da ya yi barci shekaru dubbai, fari da kiwo da saran itace suka yaye masa bargo ya farka. Bambancin yana da muhimmanci ga mai rabon kuɗi. Idan maƙiyi daga waje yake zuwa, katanga ake ginawa a iyaka. Idan kuwa a ƙarƙashin ƙafarka yake kwance, aikin shi ne ka san wace jigawa ce ta kusa kwancewa, ka ɗaure ta a inda take.

Yaya ake sanin shekarun jigawa? Ƙwayar yashi tana tara wani ɗan ƙarfi a jikinta muddin tana binne cikin duhu, hasken rana kuma yana goge shi. Mai bincike yakan kafa bututun ƙarfe a jikin jigawar ya ciro yashin ba tare da haske ya taɓa shi ba, a buɗe shi a ɗakin gwaji mai jan haske, a auna abin da ya tara, a gane yaushe rabonsa da ganin rana. Mu a nan sai dai mu ɗaure bututun mu aika Turai ko Afirka ta Kudu, mu biya da dala. Shi ya sa tarihin jigayinmu yawanci baƙi ne suka rubuta shi, sunan ɗan ƙasa yana can na uku ko na huɗu, a matsayin wanda ya san hanya. Amma ba komai ne ke bukatar dala ba. Tun 1941 Ralph Bagnold ya nuna cewa idan ƙarfin iska ya ninka sau biyu, yashin da take ɗauka yakan ninka kusan sau takwas. Saboda haka rage wa iska ƙarfi kaɗan kawai, da shingen kara ko da kututturen da aka bari ya toho, yana rage tafiyar yashi da yawa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun tabbatar da wannan da hannunsu tun daga shekarun 1980, lokacin da suka koma barin gawo da sauran itatuwa su tsiro da kansu a gonaki, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo ya kai hekta miliyan biyar. Masu nazarin hotunan sama ne suka auna shi suka nuna wa duniya, in ba haka ba da har yanzu ana cewa labari ne.

Haka abin yake a fannin yanayi. Bayan farin 1972 zuwa 1974, wani babban masanin Amurka, Jule Charney, ya kawo bayani a 1975 cewa ƙasar da aka cinye wa ciyawa takan yi fari ta mayar da hasken rana sama, hakan ya hana hadari haɗuwa. Masu tsara manufofi suka karɓe shi hannu bibbiyu, domin ya ɗora laifin a kan makiyayi da manomi. Sai bincike na baya, musamman wanda Alessandra Giannini da abokanta suka wallafa a 2003, ya nuna cewa babban abin da ke juya damunar Sahel shi ne ɗumi da sanyin ruwan tekuna, dubban kilomitoci daga garken kowa. Kusan shekara talatin ana zargin Bafulatani da abin da Tekun Atlantika da Tekun Indiya suka fi shi hannu a ciki. A 2017 kuma wani binciken ya nuna cewa manyan hadurra masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Ke nan ruwan ya dawo, amma da wani hali daban: yana zuwa a dunƙule. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in kilomita guda lita miliyan ɗaya ce. Idan milimita 100 ta sauka a dare guda a kan unguwar da aka shafe da siminti da kwano, mai karatu ya yi lissafin da kansa, sannan ya je ya dubi faɗin kwalbatin bakin layinsu.

A nan ne nake yawan cin karo da wata rashin fahimta, har a wurin masu digiri. Idan aka ce "ambaliyar shekara ɗari", mutane sukan ɗauka cewa in ta zo bana, an huta sai jikoki. Abin da ake nufi shi ne a kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari ta auku. Wanda ya gina gida a irin wannan wuri ya zauna shekara talatin, yiwuwar ta same shi ta haura kashi ɗaya bisa huɗu. Kuma shi kansa wannan lissafi ba ya yiwuwa sai da awon kogi na shekaru masu yawa a jere, wanda wani ya tashi kullum da safe ya karanta ya rubuta. Na taɓa zuwa wata tashar awon kogi da sunanta ke cikin littattafai, na tarar da ginshiƙin a kwance cikin yashi. Dattijon da ke karanta shi ya rasu shekaru da dama, ba a ɗauki wani ba. Ɗansa ya fito mini da litattafan mahaifinsa daga cikin adaka, gara ta ci gefensu. Na ɗauki hotonsu shafi-shafi, ina jin kamar wanda ya tsinci wasiyya.

Abin da ke biyo bayan gini ba tare da cikakken awo ba, mun gan shi. A farkon shekarun 1960 Tafkin Chadi yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000. A kan wannan cikar aka tsara babban aikin noman rani na kudancin tafkin, da doguwar hanyar ruwa da za ta janyo shi zuwa gonakin Marte. Kafin aikin ya kankama tafkin ya ja da baya, bakin hanyar ruwan ya koma tudu. Masu tsarin sun ɗauki shekarun da suka fi kowane lokaci ruwa a ƙarnin a matsayin abin da aka saba. Yanzu kuma mun koma ɗaya gefen, kowa na cewa tafkin ya ƙafe da kashi casa'in cikin ɗari, alhali wannan kwatancen na tsakanin 1963 ne da tsakiyar shekarun 1980, kuma hotunan sama sun nuna tun daga shekarun 1990 bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, yana cika yana raguwa gwargwadon abin da kogunan Shari da Logon suka kawo masa, su da ke ba shi kusan kashi tara cikin goma na ruwansa. Tafki ne marar zurfi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙaruwar mita guda takan rufe fili mai yawan gaske. Duk wanda zai nemi biliyoyin daloli don janyo masa ruwa daga Kwango ya kamata ya fara sanin wannan.

Ko mu dawo Haɗeja. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Chalawa a 1992. Kano ta samu ruwan sha da noman rani, wannan ba abin musu ba ne. Amma kogin da a da yake cika da damina ya bushe da rani, ya koma mai ɗan gudu duk shekara. Ambaliyar da take wanke hanyoyin ruwa ta ragu, laka ta kwanta, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe su. Sakamakon shi ne wasu garuruwan fadamar Haɗeja da Nguru ruwa ya hana su noma, wasu kuma can ƙasa wajen Gashuwa suna jiran ruwan da bai iso ba. Ga wani abin lura ga masu son zama gaban kwamfuta: a hoton tauraron ɗan'adam kachala kore ce shar, har ta fi shinkafa. Ɗalibin da bai taɓa shiga kwalekwale a yankin ba zai iya rubuta cewa fadamar tana farfaɗowa, ya kawo taswira mai launi, ya ci jarrabawa. Hotunan Landsat suna nan tun 1972, kyauta ne tun 2008, na Sentinel ma kyauta ne, kuma alheri ne babba ga jami'ar da ba ta da kuɗi. Amma hoto ba ya gaya maka abin da kake kallo sai ka taka wurin.

Takawar ita ce ta yi wuya. Lokacin da nake ɗalibi, tafiyar nazarin fili wajibi ce ta mako guda ko fiye. An kai mu Filato mun ga duwatsun da aka haƙi kuza a jikinsu da tafkunan da haƙar ta bari, mun hau Kufena, mun tsaya a bakin rafi da igiyar awo. Yau kuɗin mota ya sa tafiyar ta koma yini ɗaya a bayan gari. Rashin tsaro kuma ya rufe mana wuraren da suka fi dacewa da karatu: gindin duwatsun Mandara, gaɓar Tafkin Chadi, dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari. Babu malamin da zai ɗauki 'ya'yan mutane ya nufi can, ni ma ba zan yi ba. Ga kuma matsalar tushe. Da yawa daga cikin ɗalibanmu ba su nemi wannan fanni ba, turo su aka yi bayan sun rasa wanda suke so, wasunsu sun rabu da lissafi da fizis tun aji huɗu na sakandare. A wasu jami'o'in sashen yana tsangayar kimiyya, a wasu yana ta nazarin zamantakewa, kuma wannan yana shafar irin ɗaliban da ake ɗauka da kuɗin ɗakin gwajin da ake warewa. Mu malamai ma muna da namu kason. Duba kundin takardar tambayoyi ya fi sauƙi a kan bin ɗalibi bakin kogi ranar Asabar, kuma idan mutum yana da ɗalibai ashirin a wuyansa, zuciya takan karkata ga mai sauƙin.

Ga ɗalibin da ke tunanin shiga wannan reshe, ba zan yi masa alƙawarin arziki ba. Zan dai ce masa ƙofofin sun fi yadda yake zato. Akwai hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da hukumar da ke fitar da hasashen ambaliya duk shekara, da hukumomin raya koguna, da hukumar sararin samaniya. A maƙwabta akwai Hukumar Tafkin Chadi a Njamena, wadda aka kafa tun 1964, da Hukumar Kogin Kwara da cibiyar AGRHYMET a Yamai. Duk suna neman wanda ya iya awo da lissafi, kuma sau da yawa sai sun ɗauko ƙwararre daga waje. Abin da zai kai shi can shi ne ya koma ya gyara lissafinsa ba tare da jin kunya ba, ya koyi ilimin ƙididdiga da gaske, ya koyi rubuta umarnin kwamfuta ko da kaɗan ne, ya iya manhajar taswira irin QGIS wadda ba a biyan ko kwabo. In ya ƙara da Faransanci ya ci riba biyu, domin kaso mai yawa na abin da aka rubuta a kan Tafkin Chadi da dallolin Nijar da wannan harshe aka rubuta shi.

Ya kuma koyi sauraro. Wani dattijo a wani ƙauye ya taɓa tsayar da ni ina haƙa ramin duba turɓaya a gefen gonarsa. Ya ce, "Malam, me kake nema?" Na ce, "Baba, ina so in ga inda yashi ya ƙare laka ta fara." Ya ce in bar wahalar da kaina, a nan sai na yi gaba ɗaya da rabi, amma in na matsa wajen tsamiyar can kamu uku ya isa. Na haƙa duka biyun, domin aikina ke nan, kuma bai yi kuskure ba. Manomin da ya bambanta jigawa da dabaro da jangargari da fako yana da rabe-raben ƙasa a kansa wanda ya gwada shekara hamsin. Abin da ba shi da shi shi ne hanyar da zai mayar da wannan sani lambobin da ma'aikatar ayyuka za ta karɓa. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana komawa ƙauye guda, Dagaceri, yana auna ruwan sama da amfanin gona yana kuma sauraren mutanen, kuma littafinsa na 1989 a kan yadda manoman arewa ke jure fari har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ya yi tambayoyi, amma ya haɗa da ma'auni.

Wannan ne na gaya wa ɗalibar tawa da ta dawo bayan mako guda. Na ce mata, "Malama, ba zan hana ki tambayar mutane ba, tsofaffin unguwar ma su ne za su nuna miki iyakar da ruwa ya kai a jikin bango a shekarun baya, kuma wannan awo ne. Amma kogin ma a tambaye shi." Muka zauna muka rage aikin zuwa abin da aljihunta zai ɗauka. Za ta nemi izinin ƙaramar hukuma ta zana ma'auni da fenti a jikin ginshiƙin gadar, santimita goma-goma. Yanzu da rani, kogin yana bushe, za ta auna faɗinsa da zurfinsa da igiya da sanda. In ruwa ya zo, za a jefa lemo daga wani wuri da aka yi wa alama, a duba daƙiƙa nawa zai yi kafin ya ci mita ashirin, a rage kaɗan saboda ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, a ninka da faɗi da zurfi. Za a riƙa zura kwalba da igiya daga kan gadar a ɗebo ruwan, ta tace shi, wani abokin aikina a sashen kimiyyar ƙasar noma ya yarda ya busar mata da lakar ya auna a sikelinsu. Ƙanenta da ke sakandare zai riƙa karanta ma'aunin safe da yamma yana turo mata hoto ta waya, ni kuma na ɗauki nauyin katinsa.

Mahaifinta ya kira ni ya kafa sharaɗi guda, cewa daga ita har yaron babu mai sa ƙafa a cikin ruwan, komai daga kan gada za a yi. Na ce masa ni ma sharaɗina ke nan. Ba za ta fita tare da abokan karatunta ba, ta san haka, kuma ban ga alamar ta ji daɗinsa ba. Jiya ta turo mini hoton ginshiƙin, ta gama fentin har mita uku, fari da ja. A yankinsu ruwan farko yakan sauka ne a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni.